Me ya sa jirgi mai saukar angulu yake gudu a ƙasa kafin ya tashi idan bazara ta yi?

Ɗan Bagalam:

Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka san aikin jiragen soja su raba mana wata gardama da ta ƙi ƙarewa a wurin shan shayinmu. Ina da ƴar gona da ba ta da nisa da filin jirgin sama na nan Maraɗi, don haka nakan ga jiragen soja masu saukar angulu idan sun biyo ta nan. A cikin hunturun da ya wuce, da sassafe, na ga wani babba daga cikinsu ya ɗaga tsaye cak, ya tsaya a sama kamar an rataye shi da igiya, sannan ya sunkuyar da hanci ya tafi. A watan Afrilu kuwa, ana gab da azahar, na ga irinsa ɗin nan, amma maimakon ya ɗaga tsaye sai ya bi titin filin da tayoyinsa kamar jirgin fasinja, sai da ya ɗan yi gudu sannan ya rabu da ƙasa a hankali. Wani abokina ya ce matuƙin ɗan koyo ne, wani kuma ya ce injin ne ya tsufa. Ni dai ban gamsu da ko ɗaya ba, domin ban ga dalilin da za a ba ɗan koyo jirgi cike da sojoji ba. Tambaya ta biyu ita ce, shin gaskiya ne idan injin irin wannan jirgi ya mutu a sama babu abin da ya rage sai faɗowa kamar dutse, tunda ba shi da fukafukai irin na sauran jirage?

Tsohon Makaniki:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokanka biyu duk ba su dace ba, kuma matuƙin da ka gani ya yi abin da gwani yake yi ne. Na yi shekaru ina gyaran waɗannan jirage kafin in ajiye kaki, saboda haka bari in fara maka daga abin da ke hannun matuƙi, domin sai an fahimci wannan sauran bayanin zai zauna.

Daga yadda ka kwatanta shi, babba mai tayoyi, ina kyautata zaton Mi-17 ne ƙirar Rasha. Yana da injuna biyu a saman gangar jikinsa, da fukafukai biyar a babbar farfela, da uku a ƙaramar farfelar wutsiya. Faɗin da'irar babbar farfelar ya ɗan haura mita 21, kuma tana juyawa kamar sau 190 a minti ɗaya. Mutane da yawa suna zaton idan matuƙi yana son tashi totur yake ƙarawa farfelar ta ƙara gudu, kamar yadda ake yi wa babur. Ba haka abin yake ba. Gudun farfelar kusan ɗaya ne tun daga tashi har sauka, abin da ake canzawa shi ne karkatar fukafukan, wato yawan iskar da kowane fiffike yake yanka.

Akwai sanda a hagun matuƙi, a kwance kamar birkin hannu na mota. Idan ya ja ta sama, fukafukai biyar ɗin nan duka sai su ƙara karkata lokaci guda, su ƙara tura iska ƙasa, jirgin ya ɗaga, injuna kuma su ƙara shan mai da kansu domin gudun farfelar kada ya ragu. Akwai wata sandar a tsaye tsakanin gwiwoyinsa, wadda yake riƙewa da dama. Ita wannan ba ta karkata fukafukan gaba ɗaya, kowane fiffike tana ƙara masa karkata a wani ɓangare na zagayensa ta rage masa a wani ɓangaren, ta haka da'irar farfelar take sunkuyawa gaba ko baya ko gefe, jirgin kuma ya bi inda ta sunkuya. Abin da ke isar da wannan umarni daga sandar da ba ta juyawa zuwa fukafukan da ke juyawa wasu faya-fayan ƙarfe biyu ne a ƙarƙashin kan farfelar, ɗaya bisa ɗaya, na ƙasa a tsaye na sama yana juyawa. Babu wurin da muke dubawa da tsoron Allah kafin kowane tashi kamar wannan wuri. Sai kuma feda biyu a ƙarƙashin ƙafafunsa. Idan inji ya murɗa farfela ta wani gefe, gangar jirgin takan nemi juyawa ta ɗaya gefen, kuma farfelar wutsiya ce take hana ta, fedar nan kuwa su ne suke ƙara mata ƙarfi ko su rage. Wahalar ita ce babu ɗaya daga cikin ukun nan da za ka taɓa ba tare da ka gyara sauran biyun ba. Ka ja ta hagu, hanci ya nemi juyawa, ka taka feda, jirgi ya nemi zamewa gefe, ka gyara da ta dama, ya nemi nutsewa, ka koma ta hagu. Shi ya sa tsayawa cak a sama, wadda mai kallo yake ganin ita ce mafi sauƙi, ita ce take sa ɗalibi ya jiƙe sharkaf da gumi a makonninsa na farko.

To, tsayawar nan ita ce kuma ta fi cin ƙarfin inji, domin farfelar tana ta tura iska ƙasa tana sake jawo iskar da ta riga ta dagula. Da zarar jirgin ya fara tafiya gaba ya kai gudun kilomita 30 zuwa 45 a awa, sai farfelar ta shiga iskar da ba a taɓa ba, ta sami ƙarin ɗagawa ba tare da an ƙara mata ƙarfi ba. Wanda yake ciki yakan ji jirgin ya ɗan yi rawa sannan ya yi sama kamar an sauke masa kaya. Da sanyin safiyar hunturu ƙarfin injuna ya ishi matuƙi ya ɗaga tsaye. Da azahar ɗin Afrilu, ga tankuna cike da mai ga sojoji da kayansu, ƙarfin ba zai isa ba, ko kuma zai isa amma babu rarar da za a dogara da ita idan wani abu ya taso. Tunda yana da tayoyi kuma ga titi shimfiɗe a gabansa, sai ya gangara a kai har ya kai gudun nan, iska ta taya shi. Mi-17 ba ya wuce tan 13 idan an cika shi, amma wannan adadi na takarda ne, kuma kafin kowane tashi injiniyan jirgin, wanda yake zama tsakanin matuƙa biyun, yakan duba zafin rana ya buɗe jadawali ya faɗi nauyin da za a iya ɗauka a wannan sa'ar. Na sha ganin an sauke buhunan shinkafa da jarkokin ruwa, har ma da mutum biyu ko uku, suna ta ɓacin rai, don kawai an makara ba a tashi da safe ba.

Game da tambayarka ta biyu, ba gaskiya ba ne. Tsakanin inji da farfela akwai wata na'ura mai aiki irin na giyar bayan keke, wadda take barin taya ya ci gaba da juyawa ko da ka daina taka feda. Idan inji ya mutu, farfelar takan kuɓuce masa ta ci gaba da juyawa. Aikin matuƙi shi ne ya danna sandar hagu ƙasa nan take, cikin daƙiƙa biyu ko uku, domin fukafukan su kwanta su daina yankan iska da yawa. Jirgin zai fara gangarowa da sauri, iskar da ke tasowa daga ƙasa kuma ita za ta riƙa juya farfelar, kamar yadda take juya ƴar farfelar kara da takarda da yara suke gudu da ita. Yana nan yana tuƙi, yana zaɓen fili. Idan ya kusa ƙasa sai ya ɗaga hancin jirgin ya karya gudunsa, sannan ya ja sandar hagu ya kashe ƙarfin da ya taru a farfelar wajen tausasa saukar. Damar sau ɗaya ce, babu komawa a sake. Babu matuƙin da ake ba takardar shaida sai ya maimaita wannan har ya zame masa jiki. Inda hatsarin yake shi ne idan inji ya mutu jirgi yana tsaye cak a tsayin da ya fi ƙarfin dirowa amma bai kai na samun lokacin gyara ba, kuma wannan ma wani dalili ne da ya sa gwanaye ba sa son ɗagawa tsaye idan akwai halin gangarawa.

Malamar Kimiyya daga unguwar Zariya:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, bayaninka ya wadatar. Ina so in ƙara lissafin da ke bayan maganar zafi ne kawai, domin irinsa nake koya wa ɗalibai. Iska idan ta yi zafi takan buɗe, nauyinta a kowane ma'auni ya ragu. Tsakanin safiyar Janairu mai digiri 15 da azahar ɗin Afrilu mai digiri 42, iskar Maraɗi takan rasa kusan kashi 9 cikin 100 na kaurinta. Garin nan bai kai mita 400 bisa teku ba, amma a irin wannan azahar jirgin yana ji ne kamar yana tashi daga kan dutse mai tsayin kusan mita 1500. Saboda haka a ganina matsalar tana ga fukafukan, waɗanda suke neman abin turawa su tarar ya yi shara-shara.

Wannan lissafi kuma yana bayyana abin da ya sa waɗannan jirage ba su da gudu sosai. Idan aka ɗauki adadin da Baba ya bayar, bakin fiffike yana tafiyar kusan kilomita 770 a awa ko da jirgin yana tsaye. Idan jirgin yana gudun kilomita 250, fiffiken da ke zuwa gaba yana yankan iska da gudun da ya haura 1000, wanda ya doshi gudun sauti, na ɗaya gefen mai komawa baya kuwa da ƙyar ya wuce 500. Ana ƙara gudu, na gaba yana ƙara shiga matsala, na baya kuma yana kusantar inda zai daina ɗagawa gaba ɗaya. Tun shekarar 1986 wani jirgin Ingila mai suna Lynx ya yi gudun kilomita 400 a awa, kuma wannan adadi ya daɗe yana nan a matsayin iyakar da aka rubuta wa irin wannan ƙira.

Tsohon Makaniki:

Malama, lissafinki daidai ne, amma ban yarda cewa fukafukai ne suke fara gazawa ba. Fiffike idan iska ta yi shara-shara ana iya ƙara masa karkata ya rama abin da ya rasa. Inji ne ba shi da wannan dabara. Waɗannan injuna iska suke zuƙa su matse ta su ƙona ta da mai dangin kananzir, kuma ƙarfen da ke cikinsu yana da iyakar zafin da zai ɗauka. Iskar da ta shigo da zafinta ga ta kuma kaɗan, allurar zafin inji takan kai jan layi tun matuƙi bai gama jan sandar hagu ba. Idan ya yi taurin kai ya ci gaba da ja, injuna ba su da abin bayarwa, sai gudun farfelar ya fara raguwa, kuma daga nan jirgin nutsewa yake yi komai ƙarfin da aka ja sandar.

Sannan akwai abin da lissafin aji ba ya nunawa, wato rairayi. Injin da ya yi aiki a ƙasarmu ba ya ba da ƙarfin da aka rubuta masa a masana'anta, domin ƙura tana cin ƙananan fukafukan da ke matse iska a cikinsa kamar yadda dutsen wasa yake cin wuƙa. Idan kin lura da gaban injunan Mi-17 za ki ga wasu murafu masu kama da ƙwarya a kife, aikinsu su karkatar da iska ta yadda rairayi zai fita ta gefe, amma ba duka suke tarewa ba, kuma su ma suna cin wani abu daga ƙarfin injin. Bakin manyan fukafukan ma haka, na sha shafa shi da hannu bayan wata guda na aiki a daji in ji fenti ya tafi, ƙarfen ya yi kaushi kamar harshen saniya.

Ƙurar sauka kuwa ta fi wannan muni. Jirgi yana saura mita kaɗan ya taɓa ƙasa, iskar farfelarsa takan tayar da gajimaren ƙura daga baya, ya zagayo ya rufe gilashi ruf. Matuƙi ba ya ganin ƙasa ba ya ganin sama, ƙurar kuma tana gudu a gaban idonsa har jikinsa ya gaya masa jirgin yana tafiya alhali yana tsaye, ko yana tsaye alhali yana zamewa gefe. Taya ɗaya ya taɓa ƙasa ana cikin zamewar nan, jirgin sai ya kife. Maganinta shi ne a sauka da ɗan gudu domin ƙurar ta kasance a baya har a taɓa ƙasa, injiniya kuma ya leƙa ta ƙofa yana faɗa wa matuƙi inda gajimaren ya kawo, yana cewa ya kai wutsiya, ya kai ƙofa, ya kai taya. Wata rana a wani ƙauye mutane suka yi mana karamci suka share fili tas, suka cire ciyawa da ƙaya, ba su san ciyawar ce take riƙe ƙasar ba. Sau biyu matuƙinmu yana fasa sauka, a ƙarshe ya koma can gefe ya sauka cikin sabara, mai gari da jama'arsa suka biyo mu a guje da tabarmin da suka shimfiɗa domin baƙi. Ni ne na diro na tare su da ihu tun daga nesa, domin tabarma guda idan iska ta ɗaga ta cikin farfela ta isa ta kwantar da jirgin a wurin.

Manyan ƙasashe ma ƙura ba ta ƙyale su ba. A watan Afrilun 1980 Amurka ta tura jirage masu saukar angulu takwas daga jirgin ruwanta domin ƙwato mutanenta da ake tsare da su a Tehran. Guguwar ƙura ta tare su a hamadar Iran, shida suka isa wurin haɗuwa, ɗaya a cikinsu kuma ya lalace, sai aka soke aikin tunda biyar ba za su isa ba. Wajen juyawa, cikin ƙurar da farfela ta tayar, ɗaya ya bugi jirgin dakon mai da ke ƙasa, sojoji takwas suka mutu ba tare da an harba musu harsashi ko ɗaya ba.

Direban hanyar Ɗan Isa:

Baba, ni kuma abin da nake gani a wajen Madarunfa zuwa bakin iyaka shi ne yadda suke tafiya ƙasa-ƙasa, har kana iya ganin mutumin da ke zaune a bakin ƙofa. Tunda ka ce tsayi yana ba matuƙi lokacin gyara idan inji ya mutu, me ya sa ba sa hawa can sama su huta?

Tsohon Makaniki:

Ɗana, a nan ne tuƙin soja ya rabu da na farar hula. Jirgin da ke can sama ana jin ƙararsa ana ganinsa tun yana nesa, wanda ake nema ya sami lokacin shiga daji, mai bindiga kuma ya sami lokacin saiti. Wanda ke bin saman itatuwa da gudu, kafin ka gane ta inda ƙarar take fitowa ya wuce kanka. Akwai wani tsayi na tsaka-tsaki wanda shi ne mafi sharri, inda harsashin babbar bindiga yake kai wa kuma mai harbi yake ganinka na dogon lokaci, don haka ko dai a bi ƙasa sosai ko a haye sama da inda harsashi yake isa, gwargwadon makamin da ake zaton abokin gaba yana da shi. Jikin yawancinsu ba shi da kauri. A Mogadishu, a watan Oktoban 1993, da rokar kafaɗa aka kakkaɓo jirage biyu ƙirar Black Hawk na Amurka, kuma a ranar farko ta shigar Faransa yaƙin Mali, 11 ga Janairun 2013, harbi daga ƙasa ne ya kashe matuƙin wata Gazelle, ƙaramin jirgin nan mai farfelar wutsiya a cikin rami, irin waɗanda sojojinmu suka samu a wannan shekarar. Jirgin yaƙin nan ƙirar Rasha, Mi-35, shi ne aka yi wa sulke domin wannan aiki, mai harbi a kujerar gaba matuƙi a bayansa a ɗan sama, amma sulke nauyi ne, kuma mun riga mun ga abin da bazara take yi wa nauyi.

Tafiya ƙasa-ƙasa tana da nata kuɗin da ake biya. Wayar lantarki ba a ganinta sai an zo kanta, ga dogayen ƙarafan tarho da suka cika ƙauyuka, ga angulaye. Da dare matuƙi yana sa tabarau mai ƙara hasken taurari, amma abin da yake gani ta ciki da'ira ce mai faɗin digiri 40 kacal, kamar mai leƙe ta bututu, ba ya ganin gefensa sai ya juya kai, kuma daren da babu wata ko hazo ya rufe taurari tabarau ɗin ba shi da hasken da zai ƙara. A irin wannan dare ne, ranar 25 ga Nuwamban 2019, jirage biyu na Faransa, Tigre da Cougar, suka yi karo a yankin Menaka na Mali suna ƙasa-ƙasa, sojoji 13 suka mutu.

Ɗan Bagalam:

Baba, Allah ya saka da alheri, Malama ke ma na gode. Na karanta wa abokaina bayanin nan jiya da dare, wanda ya ce ɗan koyo ne ya janye maganarsa, amma mai cewa inji ya tsufa ya kafe cewa maganar rairayi ta gaskata shi, har yana neman a biya masa kuɗin shayi. Saura abu ɗaya. Ta yaya zan tabbatar cewa Mi-17 ne nake gani, tunda an ce akwai wani mai kama da shi?

Tsohon Makaniki:

Abokinka yana da rabin gaskiya, a biya masa rabin kofi. Mai kama da shi ɗin Mi-8 ne, wanda shi ne asalin ƙirar tun farkon shekarun 1960, Mi-17 kuma ƙaninsa ne mai injuna masu ƙarfi. Idan ya sake zuwa, ka dubi wutsiyarsa daga inda kake a gonarka. Idan ƙaramar farfelar tana gefen hagu na wutsiyar, wato hagun wanda yake zaune a ciki yana kallon gaba, Mi-17 ne, idan tana dama tsohuwar ƙirar ce. Amma daga nesa za ka duba, domin farfelar nan idan tana juyawa ido ba ya ganinta, kuma duk wanda zai kusanci jirgin yana aiki ta gaba yake zuwa, inda matuƙi zai gan shi, bayan an yi masa alama da hannu, ya cire hularsa ya riƙe ta gam.